Wai tarin tibi ƙaruwa yake a Kano ko yanzu ne aka fara gano shi?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure ku taimaka min da bayani, abin ya daɗe yana ci min rai. Wai tarin tibi ƙaruwa yake yi a Kano ne ko kuwa dama yana nan mu ne ba mu sani ba? Lokacin muna yara in aka ce wane yana da tarin fuka to za ka samu tsoho ne ko wanda ya daɗe a gidan yari, amma yanzu a unguwarmu samari nake gani. Akwai wani tela maƙocinmu ko shekara 40 bai kai ba, tun bayan babbar sallah yake tari yana ramewa, yau a ce taifod ne gobe a ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, sai da ya fara kakin jini sannan aka kai shi asibiti aka ce tibi ne, kuma bai jima da fara magani ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da yara ƙanana. Ga wani ɗan adaidaita shi ma yana kan magani yanzu haka, ga mai shayin bakin layi an ce ya koma ƙauye jinya.

To abin da ban gane ba, me ya sa duk waɗanda nake ji maza ne, kuma masu neman na kansu ba tsofaffi ba? Sannan a rediyo kullum ana cewa maganin kyauta ne kuma ana warkewa, to in haka ne me yake kashe mutane? Ko dai akwai wani sabon iri ne da ya shigo wanda ba ya jin magani? Wlh ba don tsegumi nake tambaya ba, yaran marigayin nan kullum suna gidanmu suna wasa da nawa.

Malamin Asibiti:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan maƙocin naka ya raya abin da ya bari. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne a sashen DOTS na wani ƙaramin asibiti a nan cikin gari, wato inda ake karɓar kaki a ba da maganin tibi, don haka abin da zan faɗa maka daga rajistarmu da kuma abin da ake koya mana ne.

Gsky ciwon ba sabo ba ne kuma ba daga sama ya faɗo ba, ya daɗe a cikinmu da yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa a Najeriya mutum 219 cikin kowane 100,000 suna kamuwa duk shekara, in ka lissafa da yawan jama'armu ya doshi mutum dubu 500 a shekara guda. Mu ne na ɗaya a Afirka, na shida a duniya bayan Indiya, Indonesiya, Sin, Filifin da Pakistan. Abin da ya canja shi ne yawan waɗanda ake ganowa. A 2019 kusan dubu 120 kawai aka sa a rajista a duk ƙasar nan, ka ga kenan a cikin mutum huɗu masu ciwon uku suna gida ko a kasuwa suna tari ba wanda ya san da su. A 2020, shekarar korona da yawancin ƙasashe adadinsu ya faɗi, namu ya hau zuwa dubu 138. A 2021 ya haura dubu 200, a 2022 kusan dubu 285, a 2023 ya wuce dubu 360. Kano da Legas kuwa kullum suna sahun gaba saboda yawan jama'a da cunkoso. To wanda ya ga wannan lissafin zai ce annoba ce ta ɓarke, alhali mu murna muke da shi, domin kowane mutum ɗaya da aka sa a rajista ya fara magani an rufe ƙofa ɗaya da ciwon yake fita. Yanzu akwai na'urar GeneXpert da ke duba kaki cikin kamar awa 2, akwai motoci masu yawo da na'urar hoton ƙirji suna shiga unguwanni da kasuwanni, an kuma sa asibitoci masu zaman kansu da masu kemis su riƙa turo masu tari. Shi ya sa kake jin sunan ciwon fiye da da. Da can mutum zai mutu a ce ciwon ƙirji ne ko sammu, a rufe maganar.

Maganar maza kuwa idonka bai yi maka ƙarya ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2012, wanda aka bi gida gida ana gwada mutane, ya nuna maza sun ninka mata, kuma masu ƙarfi a jika ne abin ya fi kamawa. Ka duba inda namiji yake wuni mana, shagon ɗinki mai mutum shida da taga ɗaya ita ma an toshe da kwali, gidan kallon ƙwallo, cikin mota an rufe gilas, ɗakin samari da ake kwana a jere, wasu ga sigari wasu ga ƙurar fasa dutse. Ciwon nan ta iska yake bi, in mai shi ya yi tari ko atishawa ƙwayar cutar takan daɗe tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Sannan namiji ba ya zuwa asibiti sai ya kasa tashi, don in ya bar shago ranar ba cefane. Mace ko ba komai awon ciki da rigakafin yara suna kawo ta gabanmu.

Amma fa ba kowa ne ya shaƙa yake kwanciya ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar a kwance a jikinsu, ba sa ciwo ba sa yaɗawa, kaɗan ne daga ciki take tashi musu, kamar 5 zuwa 10 cikin 100. Abin da ke tada ita shi ne raunin garkuwar jiki, yunwa ce kan gaba, sai ciwon suga, sai cuta mai karya garkuwar jiki, sai shan taba da giya. Da irin tsadar abincin da ake ciki ba na mamakin ganin sabbin fuskoki.

Me yake kashewa kuma? A abin da nake gani, makara. Wanda ya fara magani da wuri ya shanye, wajen 9 cikin 10 suna warkewa sarai. Wanda ba a yi wa magani ba kuwa kusan rabi ba sa tashi. Maƙocinka ba magani ne ya gaza ba, watannin da aka ɓata ana allurar taifod ne suka cinye huhun. Tarin da ya kai sati 2, musamman in akwai zufar dare da zazzaɓin yamma da rama, a kai kaki kawai, kar a jira jini.

Maman Ilham:

Slm. Malam na gode da wannan bayani amma ni dai ina da ja a kan maganar mata. Ban ce lissafin ƙarya ba ne, amma ku sani akwai matan da ba za su taɓa shiga rajistarku ba. Mace tana tari sai ta nemi izini, sai ta nemi kuɗin mota, in kuma tana da abokiyar zama to gara ta mutu da abinta da a ji a gidan an ce tibi gare ta, don ranar za a ware mata kwano da kofi a hana yaran ɗayar shiga ɗakinta. Budurwa kuwa iyayenta da kansu ne za su ɓoye kar maganar aure ta lalace. Na san wadda aka kai gidan kakarta a wani gari aka ce wai hutu ta je.

Mu abin ya shigo mana gida ta wajen maigidana. Ya daɗe yana tari muna ta sayen maganin tari na ruwa a wani kemis, mai kemis ɗin har allurai ya yi masa ya ce limoniya ce, in ya ɗan lafa sai ya dawo, wandunansa duk suka yi masa yawa, da daddare sai na canja zanin gado saboda zufa. Wata 'yar'uwarsa ta dage jifa ne daga kasuwa aka shiga karɓo rubutu da hayaƙi, hayaƙin nan kuwa in aka turara sai tarin ya ƙaru. Ƙanina ne ya ɗauke shi a mashin ya kai shi aka gwada.

Abin da nake so masu karatu su sani shi ne maganin yana da wuya a farko, kar wanda ya ruɗe ku. Wata 6 ne, kullum da safe kafin a karya. Fitsari yana komawa ja kamar an zuba manja, ranar farko na tsorata sai da aka ce mana haka maganin yake ba jini ba ne. Ga tashin zuciya ga ciwon gaɓoɓi, daga baya kuma ga cin abinci kamar me. Inda aka fi samun matsala wajen wata na biyu ne, tari ya tsaya jiki ya murmure sai mutum ya ce ai na warke. Nawa ma ya so ya daina ya koma kasuwa, na ce masa kasuwa dai ka koma amma ƙwayar nan a hannuna za ka riƙa karɓa ina kallo kana haɗiyewa, ni na riƙe katin ina sa alama. Alhamdulillah ya shanye an sake gwada kaki an ce babu. Kuma tare muka ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya, an gaya mana ba ta kwano yake bi ba, taga dai aka ce mu buɗe, ya riƙa rufe baki in zai yi tari.

'Yan'uwa mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa, in aka ɗora ku a maganin tibi ku faɗa wa ma'aikaciyar, yana rage mata ƙarfi, sai a canja muku wata hanya.

Na Sabon Gari:

Ni fa kalmar kyauta ɗin nan ce take ba ni haushi. Eh gwajin kaki kyauta, ƙwaya kyauta, ba musu. To kuɗin adaidaita zuwa da dawowa fa? Hoton ƙirji da ake cewa je ka yi a waje? Kuɗin da aka riga aka zubar a kemis da wajen mai magani kafin a gano? Watannin da mutum ba ya fita nema? An yi bincike a ƙasar nan a 2017 aka samu kashi 71 cikin 100 na gidajen masu tibi abin da ciwon ya ci musu ya wuce kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai shayinku ya koma ƙauye, ba don ya fi son can ba, haya ce da abinci suka gagare shi, kuma ina tsoron in bai karɓi takardar canjin asibiti ba maganin ya yanke kenan.

Sai maganar mace-mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan mutum dubu 100 tibi ya kashe a Najeriya, amma ku sani ƙiyasi ne ba ƙirga ba. Mu nan mutum ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba takardar shaidar mutuwa ba wanda ya rubuta dalili, in ka tambaya a ce gajeriyar rashin lafiya ko doguwar jinya. Telan nan an san nasa ne kawai don ya kai asibiti. Nawa ne irinsa a Dala da Ungogo da Kumbotso da ba su kai ba? Don haka in wani jami'i ya fito ya ce a ƙaramar hukuma kaza mutum kaza ne suka mutu da tibi, waɗanda ke cikin rajista yake nufi. Wani lokacin ma ƙaramar hukumar da ka ga adadinta ya fi yawa ita ce mai na'urar gwaji da ma'aikata masu himma, wadda ka ga shiru kuma ba lafiya ce ta yi mata yawa ba. Kuma kaso mai tsoka na kuɗin aikin nan daga waje yake zuwa irin su Global Fund, ya kamata gwamnatocinmu na jiha su sa nasu hannu da gaske, ciwon a gidanmu yake.

Alaramma:

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa malamin asibiti da alheri. Ina da tsangaya a wajen gari kuma abin da aka faɗa na cunkoso ya taɓa ni, domin lokacin hunturu yara sukan taru ɗaki ɗaya a toshe ko'ina saboda sanyi, tari kuwa a wannan lokacin kowa yana yi, ba ka bambance na ƙura da na ciwo. Da ma'aikata suka zo suka nemi su gwada almajirai ban hana ba, kuma ina kira ga 'yan'uwana malamai kada su hana. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, wanda ya zo mini da tari mai tsawo yana cewa sammu ne nakan yi masa addu'a in ce gobe ka kai kakinka asibiti ka dawo ka gaya mini sakamako. Masu tambaya game da azumi kuma, marar lafiya yana da rangwame ya sha ya rama daga baya, kada wani ya ajiye maganinsa saboda Ramadan. Wanda jikinsa ya yi ƙarfi yana son ya yi azumin sai ya shawarci masu ba shi magani su tsara masa lokacin sha.

Ɗan Kurna:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Ilham maganarki gaskiya ce, yanzu da kika faɗa na tuna matar marigayin ma ba wanda ya tambayi lafiyarta, ta'aziyya kawai ake mata. Malam to yaran fa ya za a yi da su? Ƙaramar ba ta kai shekara 3 ba kuma a ɗaki ɗaya suke kwana da baban har ya rasu, ba ta tari sosai amma ba ta da kuzari kamar sauran. An ce an yi musu allurar BCG ta rigakafin tibi tun suna jarirai, wannan bai isa ba? Nawa yaran da suke wasa da su fa? Sannan wani a majalisarmu ya ce wai shan nono yana kawo shi, gsky ne? Kuma ba ka ce komai ba a kan wanda ba ya jin magani.

Malamin Asibiti:

Hajiya na karɓi gyaranki, abin da kika faɗa muna ganinsa, mace takan zo karɓar magani da niƙabi ta roƙe mu kar a kira lambar mijinta. Na Sabon Gari ma bai faɗi ƙarya ba, kuma maganar takardar canjin wuri tana da muhimmanci, duk wanda zai bar gari ya zo mu rubuta masa ya ci gaba da karɓa a asibitin da ya fi kusa da shi, maganin iri ɗaya ne a duk ƙasar.

Ɗan'uwa yaran nan da mahaifiyarsu a kai su gwaji cikin satin nan, kar a jira ta fita takaba, fita neman lafiya lalura ce, Alaramma yana nan zai gyara min in na yi kuskure. Ƙaramar ce ta fi damuna. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 tibinsa ba lallai ya zo da tari mai ƙarfi ba, sai dai ka ga ba ya ƙiba, ba ya wasa, zazzaɓi yana kai yana komowa, wani kuma ƙulu ya fito masa a wuya, kuma a wannan shekarun ne yake saurin hawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau. BCG tana rage irin wannan mai tsananin a yara, shi ya sa ake yin ta da an haihu, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, balle ga babba. Yaro ba ya iya fitar da kaki, to yanzu har da bayan gidansa ana gwadawa a GeneXpert, a haɗa da hoton ƙirji. In an samu ciwon a fara magani, akwai na yara mai narkewa a ruwa. In ba a samu ba akwai maganin kariya da ake ba waɗanda suka zauna gida ɗaya da mai ciwon, wani na wata 3 wani na wata 6, shi ma ba a biya. Naka yaran haɗarinsu kaɗan ne tunda ƙananan yara ba kasafai suke yaɗawa ba, sai dai in suna yawan shiga ɗakin marigayin ko shagonsa lokacin yana tari, in haka ne ka faɗa a duba su. Waɗanda ake mantawa da su su ne yaran shagonsa da suka wuni da shi a kan keke, su ma a neme su.

Nono kuwa akwai ƙamshin gaskiya. Shanu suna da nasu tibin kuma yana iya kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba, mahauta da makiyaya ma suna cikin haɗari. Amma kaso kaɗan ne, yawancin wanda muke gani daga mutum ne zuwa mutum. A tafasa madara kafin a kwantar da ita shi kenan, ba a ce a daina shan fura ba.

Wanda ba ya jin magani yana nan, amma ba shigo da shi aka yi ba, mu muke ƙera shi. Maganin farko haɗin guda 4 ne a wata 2 na farko, rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da itambutol, sai biyun farko su ci gaba wata 4. In ana sha ana dainawa, ko ana sayen rabi a kemis, ƙwayoyin cutar da suka tsira sai su daina jin rifamfisin da isoniyazid, kuma wanda ya ɗauka daga wajen wannan mutumin kai tsaye mai taurin zai ɗauka ko bai taɓa shan magani ba. GeneXpert tana nuna shi tun gwajin farko. Da can jinyarsa kusan shekara 2 ce da allurai masu kashe ji, amma a ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na haɗiya zalla na wata 6. Mai shan kowane iri in ya ga idonsa ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa ya dawo wajenmu ranar, kar ya yanke hukunci da kansa.

Tunda a Kurna kuke ka fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ka tambayi sashen DOTS, in babu za su tura ku inda yake, ga kuma Asibitin Zana a Fagge. Akwai lambar 3340 da ake kira kyauta a gaya maka wurin gwaji mafi kusa. In katin maganin marigayin yana nan a tafi da shi, zai nuna musu irin tibin da ya yi su san wane maganin kariya ya dace da yaran.